Data ta ishe ni, wane intanet zan sa a gida?

Malamar Firamare: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Gidanmu waya biyar, ga kwamfutar 'yata da ke karatu a jami'ar karatu daga gida ta NOUN. Kowa sai dai ya ce "Umma kunna min hotsfot", kafin tsakiyar wata data ta ƙare. Tun ƙarin kuɗin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a farkon 2025 abin ya fi ƙarfina. Rauta zan saya, akwatin nan mai raba intanet a gida, ko MiFi, ƙaramarta ta aljihu, ko me? Muna wajen Hotoro.

Mai Kemis: Wa alaikumus salam. MiFi kawai Malama.

Injiniya: A'a. MiFi na ɗan tafiya ne, eriyarsa ƙarama, batirinsa kuma in ana barinsa a caji dare da rana kumbura yake. Gida mai mutane haka rauta ta fi. Amma kada ki sayi komai tukuna. Ki aro layin kowane kamfani, ki gwada a cikin ɗakin da za a riƙa amfani da shi, kuma da daddare, tsakanin Isha'i da ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da duk unguwa ta hau. Gwajin safe yaudara ne.

Alhajin Kwari: Malama saurara ki ji nawa. Bara wani yaro ya zo har shago da riga mai tambarin kamfani, ya ce rautarsu ba ta da iyaka, ka biya na wata ka sha har ka gaji. Ya gwada min a nan Kantin Kwari, bidiyo na tafiya ba ko tsayawa. Na biya, na kai gida. Satin farko lafiya lau. Da aka shiga na uku, saƙon murya ma sai ya yi ta juyawa kafin ya tafi. Na kira lambar da ya ba ni, a kashe. Na je ofishinsu, bayan dogon layi wata yarinya ta juyo min da kwamfuta ta nuna min wani rubutu ƙanana a ƙasan takarda, wai in ka cinye giga kaza sai a rage maka gudu har wata ya ƙare. Na ce to ina rashin iyakar? Ta ce ai ba a yanke ka ba Alhaji, rage ka aka yi. Wallahi sai da na yi dariya don takaici. Na ce to in sa layin wani kamfani, ashe an kulle ta, layinsu kaɗai take karɓa. Tana nan a durowa, jikana ke wasan mota da ita. Duk wanda ya ce miki ba iyaka, ki ce ya rubuta miki giga nawa ne kafin a shaƙe ki, kuma ki tambaya ko akwatin na karɓar kowane layi.

Bazazzagi: Bakano da wayonsa aka yi wa haka? Ashe ana damfarar malaman damfara 😂

Alhajin Kwari: Kai yi mana shiru, ku da sai kun hau Kufena kafin saƙo ya fita.

Ɗalibin BUK: Baba ai da 5G ka saya. MTN ta fara tun 2022, kuma Kano na cikin garuruwa bakwai na farko, har da Maiduguri.

Injiniya: Tana cikin gari ba ya nufin tana ƙofar gidanka. 5G ba ta nisa kamar 4G, kuma bango na cin ta. In babu turkenta kusa da ku, rautar komawa 4G za ta yi, ka biya kuɗin banza. Wani abin kuma da mutane ba sa kula: gida mai rufin kankare, ga bulo ga rodi, sai a cusa rauta bayan talabijin a ce sabis ba kyau. A ɗora ta sama kusa da taga. In ta nuna sunan Wi-Fi biyu a waya, mai 5GHz ya fi gudu in kana kusa, mai 2.4 ya fi ratsa ɗakuna.

Maman Biyu: Ni fiba na sa, intanet ɗin da ake jawo wayarsa har cikin gida, wata na takwas ke nan ban ƙirga giga ba. In wayarsu ta iso layinku babu na biyunta.

Mai Kemis: Sai ranar da masu aikin kwalbati suka tsinke ta.

Maman Biyu: An taɓa, kwana biyu suka gyara. Ai komai na tsinkewa. Ka manta Maris ɗin 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, bankuna ma suka tsaya?

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar Starlink muka kama, intanet na tauraron ɗan'adam da ake kamawa da tasa. An ba ta izini, ta fara aiki a hukumance 2025, amma tun kafin nan mutane na shigo da ita daga wajenku. Mutum guda ya saya, ya sa a rufin shago, ya riƙa saida tikiti na awa ko na wuni. Inda babu rezo, wato sabis, ko kaɗan ma tana yi. Matsalarta kuran, wato wutar lantarki.

Injiniya: Gaskiyarka. Tasar na jan wat 50 zuwa 100, rautar gida kuwa wajen 10 ne, ƙaramin batir ya riƙe ta wuni. Starlink ba inbata da sola, a Kano, ado ce. Ga ta tana son sarari, ba bishiya ba bene a gabanta, ruwa mai ƙarfi kuma yakan katse ta na ɗan lokaci. Ta shigo Najeriya tun Janairun 2023, amma ni ba zan ba Malama shawararta ba, a cikin gari take. Ta mutanen ƙauye ce da masu gona.

Ɗan Gusau: Da tana nan a Satumbar 2021 da aka rufe mana sabis, da ba mu riƙa zuwa Funtuwa don mu tura saƙo ba.

Gwaggo: Ni tambayata, in an sa abin nan maƙwabta fa? Ɗiyar ƙanwata ta sa, yanzu dakalin ƙofar gidanta ya zama majalisar samari har sha biyun dare.

Ɗalibin BUK: Gwaggo lambar sirri za a canja. Yaran gida ne ke rabawa, akwai wani hoto da waya ke nunawa, a ɗauka kawai a shiga.

Ustaz: Haƙƙin maƙwabtaka dai, a riƙa taimakawa.

Maman Biyu: Ustaz turo mana taka lambar mu fara da kai.

Sabon Shiga: Ina da rauta sabuwa dal a kwali, mai buƙata ya biyo ni ta ciki.

Shugaban Zaure: Talla ranar Asabar ce. Na goge, kada a sake.

Malamar Firamare: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To yanzu dai in fara aro layuka ke nan? Maman Biyu, ta yaya zan san ko fiba ta iso Hotoro?

Maman Biyu: Duba falwayoyin layinku, in kin ga ƙaramin baƙin akwati da siririyar waya a naɗe, to ta zo. Ko ki tambayi mai POS na bakin titi, su suka san komai.

Bazazzagi: Alhaji, wannan ta durowar nawa za ka bar min?

Alhajin Kwari: Kai dai ko kyauta ba zan ba ka ba.