Neman kalmar Hausa: me za mu kira "spoliation" idan hujjar shari'a tana cikin waya ko kwamfuta?

Barista Nasiru:
Assalamu alaikum. Ana shirya takardar gargaɗi da Hausa wadda lauya zai riƙa miƙa wa wanda yake karewa tun zaman farko, musamman 'yan kasuwarmu na Sakkwato da yanzu ciniki da bashi da alkawari duk a WhatsApp ake ƙulla su. Kalma ɗaya ce ta tsaya mana, wato spoliation. Abin da take nufi shi ne a goge hujja, ko a canza ta, ko a ɓoye ta, ko a ƙyale ta ta ɓace, alhali ana shari'a ko an san shari'ar na tafe. An kawo shawarar "lalata shaida", sai dai raina bai kwanta da ita ba. Malamai da manyanmu, a taimaka.

Malam Bello:
Wa alaikumus salam, Barista. Fara da cire "shaida". Da ka ce shaida, mutane za su ɗauka mutum ne wanda anka kira gaban alƙali ya faɗi abin da ya gani, har wani ya zaci ana maganar saye shaidu ne. Abin da ke cikin waya hujja ce. Sai mu koma kan aikatau ɗin. A fiƙihu, wanda anka ba amana ba ya biya in ta halaka, sai in ya yi ɗayan biyu: ya ƙetare iyaka da hannunsa, ko ya yi sakaci wajen tsaro. Kalmar da za ku zaɓa ta ɗauki duka biyun. Ni "tozarta hujja" nake gani, kamar yadda malamai ke cewa an tozarta salla ga wanda ya yi watsi da ita.

Barista Hadiza:
Allah gafarta Malam, rabon nan gida biyu da ka yi shi ne ainihin yadda kotunan Amurka suke kallon lamarin, kuma can ne kalmar ta fi yawo. Doka ta 37(e) ta ƙa'idojin shari'ar farar hula a kotunan tarayyarsu, kamar yadda aka gyara ta a Disamba 2015, ta ce idan bayanan na'ura suka ɓace saboda ba a ɗauki matakin da ya dace ba, kuma ba a iya dawo da su, alƙali zai gyara cutarwar da aka yi wa ɗaya ɓangaren gwargwadonta kawai. Amma idan an tabbatar an yi ne da nufin hana abokin shari'a amfani da su, yana iya ƙaddara cewa abin da ya ɓace ba zai yi wa mai ɓatarwar daɗi ba, ko ya kori ƙarar, ko ya yanke hukunci a kansa kai tsaye. A shari'ar wata ma'aikaciya mai suna Zubulake da bankin da ta yi wa aiki, UBS Warburg, an goge saƙonnin imel bayan lauyoyi sun ce a adana, kuma a 2005 aka yanke wa bankin biyan sama da dala miliyan 29. A 2023 ma wani alƙalin tarayya a Kalifoniya ya kama Google da laifin barin hirarrakin ma'aikata suna goge kansu bayan awa 24 ana tsaka da shari'arsu da kamfanin wasannin na'ura Epic Games. A nan ba wanda ya danna maɓallin gogewa. Barin na'ura aka yi tana aikinta.

Damuwata da "tozarta" ita ce bakin kasuwa. Ɗan kasuwa in ya ji an tozarta abu, wulaƙanci yake fahimta, kamar a ci mutuncin mutum a bainar jama'a.

Aminu mai binciken na'ura:
Yaya Barista Hadiza ta taɓo inda matsalar take. Yawancin hujjar na'ura ba mugunta ke kashe ta ba, kuma shi ya sa "lalata" ta yi kaɗan. Wanda ya ji "kar ka lalata" zai ce ai ni ban fasa komai ba, ga waya nan lafiya lau.

Ga yadda abin ke faruwa. WhatsApp yana da tsarin saƙo mai ɓacewa bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. In yana kunne, hirar bashin na narkewa kullum ba tare da an taɓa ta ba. Na'urar kyamarar tsaro ta shago tana rubutu a kan tsohon bidiyo da zarar faifanta ya cika, saboda haka bidiyon ranar da abin ya faru yana da wa'adi gwargwadon girman faifan da yawan kyamarorin. Agogonta kuma yakan karkace idan ana yawan ɗauke wuta kuma ƙaramin batirin ciki ya mutu, don haka kafin a kwafi komai a rubuta lokacin da na'urar ke nunawa da ainihin lokacin, a ajiye bambancin a takarda. Mutum ya sayi sabuwar waya ya mayar da tsohuwar yadda ta fito daga kamfani ya ba ƙaninsa, shi ke nan, wayoyin yanzu a kulle bayanansu suke da mabuɗin sirri, in mabuɗin ya tafi ba mai dawo da su. Kwamfuta mai faifan SSD ita ma tana share gurbin abin da aka goge da kanta, ba kamar tsohon faifai mai juyawa ba da ake iya tono abu bayan watanni.

Sai kuma canzawa ba da sani ba, wadda ta fi cin mutane. Hoton da aka ɗauka da waya yana ɗauke da ɓoyayyun bayanai: rana, lokaci, irin wayar, wani lokaci har da wurin. In ka tura wa lauyanka shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar za ta matse shi ta zubar da bayanan nan. Hirar da aka fitar daga WhatsApp kuwa fayil ne na rubutu zalla, kowa na iya buɗewa ya sauya 50,000 ta koma 500,000, kuma lauyan ɗaya ɓangaren ya san haka. Buɗe takardar Word a sake ajiye ta ma yana sauya ranar gyaranta ta ƙarshe.

Abin da ake yi: a kashe saƙo mai ɓacewa nan take. A sa wayar a yanayin jirgin sama don kada a goge ta daga nesa. Faifan kwamfuta a jona shi ta na'urar da ke hana rubutu a kansa, a ɗauki kwafinsa dungurungum, a fitar da lambar tantancewa ta SHA-256, mai haruffa da alƙaluma 64. In harafi ɗaya ya canza a cikin fayil, lambar gaba ɗaya za ta canza. A kan kwafin ake bincike, asalin a rufe shi a ambulan mai hatimi, duk wanda ya karɓa ya sa suna da rana da lokaci da sa hannu.

Barista Nasiru:
Allah ya saka, ƙanena. Wannan ya kashe "lalata". To "ɓatar da hujja" fa?

Malam Bello:
Wagga tana da harshe biyu. A rubuce ba kowa ke rarrabe ɓata da ɓatar ba, sannan ɓatarwa a kunnen mai zuwa karatu ita ce karkatar da mutum daga hanya. Na janye tozartawa tunda Hajiya ta kawo dalili. Ku duba "salwantar". Ana cewa dukiya ta salwanta, rai ya salwanta, kuma ana cewa wane ya salwantar da dukiyar marayu ko da bai ci ko kwabo ba, in dai a hannunsa ta tafi. Akwai nauyin alhaki a cikinta.

Barista Hadiza:
Na karɓa, ranka ya daɗe. Tambayar da ta rage ita ce ko ta ɗauki canzawa, tunda fayil ɗin da aka taɓa yana nan bai ɓace ba. A ganina ta ɗauka, domin abin da kotu ke nema shi ne tabbacin asali, kuma shi ne ya tafi.

Dokarmu ta Najeriya ma ta nan take kamawa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kafin a karɓi abin da kwamfuta ta fitar sai an nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai, ana shigar mata da irin bayanan nan a harkar yau da kullum, tana aiki daidai a lokacin, kuma abin da aka kawo daga waɗannan bayanan ya fito. Ƙaramin sashe na 4 ya yi tanadin takardar tabbaci da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da abin, da sa hannun wanda ke da alhakin kula da ita. A shari'ar Kubor da Dickson ta 2012, kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi shafukan jarida da aka buga daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan nan ba. Wanda ya ba da wayarsa kyauta, wace na'ura zai bayyana? Sannan sashe na 167(d) ya ba kotu damar ƙaddara cewa hujjar da mutum zai iya kawowa ya ƙi kawowa, da ya kawo ta da ta kayar da shi. Wannan shi ne mafi kusa da abin da Amurkawa ke yi. In kuwa da gangan aka goge don kada kotu ta gani, an shiga laifi a ƙarƙashin kundin dokokin hukunta laifi, wato Penal Code, kuma lauyan da ya ba da shawarar a goge ya jefa lasisinsa cikin haɗari.

Kada kuma a dogara da kamfanin layi. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 shekara 2 ya ɗora musu su adana bayanan zirga-zirgar kira da na mai layi, kuma abin da aka rubuta a WhatsApp ba ya hannunsu.

Aminu mai binciken na'ura:
Ina roƙon a tanadi kalmar "gurɓata" don inda ake son a ware canzawa ita kaɗai, kamar a rahoton bincike. Fayil ɗin da lambar tantancewarsa ta saɓa da ta ranar farko ya gurɓata.

Barista Nasiru:
An tsaya a nan ke nan: spoliation ita ce salwantar da hujja, kashi biyu, da gangan ko da sakaci, gurɓata hujja kuma reshe ne a ƙarƙashinta. Ga yadda sakin layin zai fito a takardar: "Daga yau kada ka goge, ko ka gyara, ko ka tura, ko ka sayar, ko ka ba da kyautar duk wata waya, kwamfuta, katin ajiya ko na'urar kyamara da ta shafi wannan magana. Ka kashe tsarin saƙo mai ɓacewa yanzu. Salwantar da hujja, ko da gangan ko da sakaci, yana iya sa kotu ta ɗauka cewa gaskiya ba ta tare da kai."

Malam Bello:
Ya yi. Ku ƙara "kai ko yaranka na shago", don wayar ciniki a hannun yaran take wuni.