Wane suna za mu ba microalgae da Hausa?

'Yan'uwa masu fassarar kimiyya da malaman makaranta, ina so mu tsayar da suna ɗaya ga abin da Turawa ke kira microalgae, wato ƙananan halittun ruwa masu kama da tsiro waɗanda ido ba ya iya ganin ɗaiɗaikunsu. Yanzu kowa na rubuta nasa, ɗalibi kuma na ruɗewa.

Masu cewa kainuwa su yi haƙuri, ba ita ba ce. Kainuwa na da ganye da saiwa, da hannu ake ɗago ta. Gansakuka ta fi kusa, sai dai ita ido na ganin ta shimfiɗe a kan ruwa. Waɗannan kuwa yawancinsu ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Chlorella, ɗaya daga cikinsu, faɗinta bai wuce maikromita 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, sai sun yi dandazo sannan ruwa ya koma kore.

Ni dai na tsaya a kan ƙwayoyin gansakuka. Na san za a ce sunan na tuna wa mutum ƙwayoyin cuta, amma ai muna cewa ƙwayar hatsi ba wanda ya tsorata. Kuma sunan ya dace da aikinsu. A tafkin tace dagwalo, su ne ke shanye naitirojin da fosfaras, su saki iskar oksijin idan rana ta haska su. Bakteriya su yi amfani da iskar wajen ruɓar da ƙazanta, su mayar musu da kabon dayoksaid. William Oswald na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya fara gwada wannan tun shekarun 1950. Tafkunan ba su da zurfi, kamar santimita 30, domin haske ya ratsa, ga na'ura mai filafilai tana juya ruwan dare da rana.

Abin da ake tatsa daga jikinsu a mayar dizal kuwa, man gansakuka ya wadatar. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta yi bincike a kansa daga 1978 zuwa 1996, tsadar nomansu ta hana shi gogayya da fetur. Shi ya sa dagwalo ke da muhimmanci, taki ne kyauta.

Wadda ta rage mini ita ce kalmar raba su da ruwa, kuma nan kuɗi mai yawa ke tafiya, domin sau da yawa lita guda ba ta ba da giram ɗaya. Girbi na kai hankali gona. Tacewa ta fi, amma wasu wuraren barin su ake yi su kwanta a ƙasa, wasu kuma na'ura ke wujijjiga ruwan. Malaman Hausa, wace kalma ce za ta haɗa duka ukun?