Gwajin hanta zai iya nuna raunin garkuwar jiki?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Ƙanina ne, shekararsa 27, yau kusan shekara huɗu kenan ba ya rabuwa da ciwon ƙirji, bara kaɗai sau biyu ana kwantar da shi saboda nimoniya, ga ciwon kunne ga majina mai kauri, ya sha antibayotik har ya gaji, da ya gama sai abin ya lafa kwana biyu ya dawo. An yi gwajin tibi babu, HIV ma babu. Satin da ya wuce aka yi masa gwajin hanta aka ce lafiya lau, amma wata ƙawata nas ta kalli takardar ta ce a cire albumin daga jimlar furotin a gani. Jimlar 57 ce, albumin 42. Wai me hakan yake nufi? Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. A lab nake aiki, kuma ƙawarki ta yi gaskiya. Furotin ɗin da ke cikin ruwan jini kashi biyu ne manya, albumin da gulobulin. Injin yana auna jimla, ya auna albumin, abin da ya rage shi ne gulobulin, kuma a cikinsa antibodi suke, wato sinadaran da jiki ke yaƙar ƙwayoyin cuta da su, mafi yawansu nau'in IgG. Na ƙaninki 57 a cire 42 saura 15, in dai giram a lita aka rubuta. Ya yi ƙasa gaskiya.

Akwai binciken da Stephen Jolles da abokan aikinsa suka yi a Kadif ta ƙasar Wales, ya fito a 2014. Sun bi duk samfurin da gulobulin ɗinsa ya gaza 18 suka auna IgG, sai aka samu kusan 9 cikin 10 IgG ɗinsu bai kai giram 6 a lita ba, fiye da rabi ma bai kai 4 ba. Abin da ke damuna shi ne lambar nan tana zaune a takarda, ba sai an sake ɗibar jini ba, amma ido ya saba da neman abin da ya hau ne, wanda ya sauka sai a tsallake shi, wasu lab ɗin ma ba sa buga ta kwata-kwata.

Dakta Hauwa:
Malam Abu ya yi bayani mai kyau, bari in ɗan ja birki. Lissafin nan manuniya ce kawai, ba ya yanke hukunci. Abin da za ku nema shi ne a auna nau'ikan antibodi uku, IgG da IgA da IgM, kai tsaye, a haɗa da gwajin da ke rarrabe furotin ɗin jini layi-layi. In sun yi ƙasa sai a nemi dalili, don ba kowa ne ake haifa da shi ba. Wani ta fitsari yake zubar da furotin saboda ƙoda, wani ta hanji, wani magani ne ya jawo kamar sitiroyid na dogon lokaci ko rituximab ko wasu magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine, a manya kuma ana duba kansar jini. Ban faɗa don in tsorata ki ba Maman Ilham, a shekarunsa da irin labarin nan abin da zai fara zuwa ran likita shi ne CVID, wato ciwon da jiki ba ya iya samar da isassun antibodi, wanda sau da yawa sai mutum ya girma yake bayyana.

Sannan wanda nasa ya fito daidai kar ya ce shikenan. In jiki na fama da kumburi ko cuta, wasu furotin ɗin na hawa su rufe giɓin, kuma mai ƙarancin IgA kaɗai lissafin ba zai kama shi ba. Ma'aunin yara ma daban ne.

Abu Sadiq:
Haka ne Dakta. Har sinadarin da lab ke auna albumin da shi yana canza lambar, iri biyu ne, BCG (ba ta allurar rigakafi ba) da BCP, kuma ba sa ba da amsa ɗaya, shi ya sa 18 ɗin ba ta kowane lab ba ce.

Ummu Khalil:
Ni ganau ce 'yar'uwa. Shekara takwas ina yawon asibiti ana cewa asma ce, kafin a gano hanyoyin iskar huhuna sun riga sun buɗe sun lalace, kuma wannan ba ya komawa. Da na haɗa tsofaffin takarduna na yi lissafin da kaina sai da na yi kuka, tun farko lambar a ƙasa take. Yanzu duk bayan sati huɗu ake min ƙarin antibodi ta jijiya, wasu kuma ta ƙarƙashin fata suke yi duk sati, rabona da kwanciya asibiti an fi shekara biyu Alhamdulillah. Dan Allah kar ku yi sanya, ku kwashi duk takardunsa na baya ku tafi da su.

Maman Ilham:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba na bara yanzu, 58 da 43, shi ma 15 kenan. Dakta ba ya shan ko ɗaya cikin magungunan da kika lissafa. Wane irin likita za mu nema?

Dakta Hauwa:
Likitan garkuwar jiki in akwai, in babu likitan jini ko na huhu. Ki rubuta ciwukan da ya yi da watanninsu a takarda ɗaya, kuma ku tambaya ko za a yi masa hoton CT na ƙirji tunda nimoniyar ta maimaita.