Aspirin ɗin da muka haɗa a ɗakin gwaji: yaya kuka tabbatar da tsabtarsa?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa haɗa aspirin daga asid ɗin salisilik ya bayyana mana yadda ya tabbatar cewa abin da ya samu aspirin ne tsantsa. Ɗalibaina kan gamsu da zarar sun ga farin gari, alhali asid ɗin da bai gama juyewa ba shi ma fari ne.

Sani, ɗalibi: Wa alaikumus salam, Malama. Mu an sa mu auna zafin da yake narkewa, domin tsantsar aspirin tana narkewa ne a wajen digiri 135 na ma'aunin Salshiyas. Nawa ya fara narkewa ƙasa da haka, kuma a hankali, sai da na sake narkar da shi a etanol mai ɗumi, na bar shi ya sake ƙanƙara ya bushe sarai, sannan ya narke cikin tazarar digiri biyu kacal.

Malam Bello, ma'aikacin ɗakin gwaji: Ni na fi amincewa da ɗigon ferik kulorayid, wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe da ake ɗiga wa samfurin, saboda ko ɗan ragowar asid ɗin salisilik ne ya saura, nan take ruwan zai koma shunayya. Abin da ke damuna shi ne damina. Na sha ganin samfurin da ya tsallake gwajin nan lafiya, bayan makonni a buɗe kwalbar a ji warin binega, domin laima ta farfasa aspirin ɗin ta mayar da shi asid ɗin salisilik da na asetik. Wanda zai ajiye samfuri, don Allah ya rufe shi da kyau tare da abin tsotse laima.

Dakta Aisha: Malam Bello ya yi gaskiya, amma waɗannan gwaje-gwaje tsabta suke nunawa, ba tsarin ƙwayar sinadarin ba. Sai da na aika samfurina ga na'urar NMR, wadda ke amfani da maganaɗisu wajen nuna tsarin ƙwayar sinadari, hankalina ya kwanta, lokacin da na ga alamar haidirojin uku a wajen 2.3 a ma'aunin na'urar, wadda ke shaida cewa rukunin asetil, wato ɓangaren da ke mayar da asid ɗin salisilik aspirin, ya maƙale, ga kuma haidirojin huɗu na zoben benzin, wato zoben kabon shida da ke cikin ƙwayar aspirin, tsakanin 7 da 8.2. Malama Hadiza, idan na'urar ta yi muku nisa, ko hoton sakamakon ne a nuna wa ɗalibai su karanta da kansu. Zan turo miki nawa.