Idan harajinmu ne ke ɗauke da kamfanin motar asibiti, wa ke da ikon tambayarsa lissafi?

Mai Biyan Haraji

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar kwangilar gwamnati ko aikin agajin gaggawa. A watan jiya mahaifina ya yanke jiki ya faɗi da tsakar dare, na kira lambar gaggawa, kuma motar ɗaukar marasa lafiya ba ta iso ba sai bayan kusan minti arba'in, ina tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu ina ta leƙen hanya. Da ta iso, ma'aikatan biyu sun yi aikinsu tsakani da Allah, ba ni da ƙorafi a kansu, kuma mahaifina ya samu sauƙi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a jikin motar akwai tambarin hukuma, amma a ƙasansa an rubuta sunan wani kamfani mai zaman kansa da ƙananan haruffa, sannan bayan mako uku sai ga takardar neman biyan kuɗi daga wannan kamfanin.

Da na bincika sai na gano cewa hukuma tana ba kamfanin kuɗi duk shekara daga baitulmali. Na je ofishin hukumar ina tambayar dalilin jinkirin, suka ce kamfanin ne ke riƙe da bayanan. Na rubuta wa kamfanin, suka amsa cewa sharuɗɗan kwangilarsu sirrin kasuwanci ne. Shin ba biya biyu ke nan na yi ba, ɗaya ta haraji ɗaya ta aljihu? Kuma idan kuɗin jama'a ne, me ya sa jama'a ba za su ga yadda aka kashe shi ba?

Tsohon Akanta

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Tambayoyinka biyu ne, kuma ta farkon ta fi sauƙin amsawa fiye da ta biyun.

Biya biyu ba lalle ne ya zama cuta ba, domin abin da ya fi cin kuɗi a wannan aiki ba tafiyar da aka yi da mahaifinka ba ce, zaman jiran da aka yi kafin ka kira ne. Mota guda da za ta kasance a shirye dare da rana tana buƙatar ma'aikata da yawa masu karɓar juna, da albashinsu, da inshora, da magungunan da wa'adinsu ke ƙarewa ko an yi amfani da su ko ba a yi ba, kuma duk wannan kuɗi yana tafiya ko da wayar ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. A Amurka, shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnatin tarayya, wato Medicare, bisa ƙa'ida yana biya ne idan an ɗauki majinyaci an kai shi, ba ya biyan zaman shiri. Saboda haka a wuraren da mutane ba su da yawa kuɗin ɗauka kaɗai ba ya riƙe kamfani, sai ƙaramar hukuma ta cike giɓin da haraji. Tallafin na sayen shirin ne, takardar da aka aiko maka kuma ta tafiyar ce.

Inda cutar take shiga shi ne idan hukuma ta ba kamfani tallafi, ta kuma ba shi ikon zama shi kaɗai a yankin, amma ba ta ƙayyade masa abin da zai caji majinyaci ba. Mutumin da numfashinsa ke sarƙewa ba ya taya farashi, ba ya zaɓen motar da za ta zo masa. Amurkawa sun san wannan matsala sarai, amma dokar da suka yi a ƙarshen 2020 don hana yi wa majinyata cajin ba-zata, wadda ta fara aiki a Janairun 2022, ta haɗa da jiragen ɗaukar marasa lafiya ta bar motoci a waje, sai wasu jihohi ne suka yi nasu dokokin.

A kan tambayarka ta biyu, ni a ganina amsar da kamfanin ya ba ka ba ta karɓuwa. Kamfani yana iya ɓoye yadda yake sayen tayoyinsa da rahusa, amma adadin da aka biya shi daga baitulmali, da lokacin isowar da ya yi alkawari, da tarar da aka ci shi ko aka yafe masa, waɗannan na hukuma ne, kuma hukuma ce za ka matsa wa, ba shi ba. A ƙasashe da dama, har da Birtaniya, dokar 'yancin samun bayanai tana hawa kan hukumomin gwamnati ne, ba ta kama ɗan kwangila kai tsaye ba, don haka idan ba a rubuta a cikin kwangilar cewa bayanan aikin mallakar hukuma ne ba, to an bar ƙofa a buɗe tun ranar sa hannu. Na sha ganin kwangila mai shafi ɗari wadda ta yi bayani dalla-dalla a kan launin fentin mota, amma babu layi ɗaya a kan haƙƙin mai binciken kuɗi ya buɗe littattafan kamfanin.

Ma'aikaciyar Agaji

Yallaɓai Akanta ya yi bayanin kuɗi, ni kuma bari in faɗi abin da na gani daga cikin motar, domin na yi shekaru ina wannan aiki a ƙarƙashin wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba.

Malam, ko da an ba ka rahoton da kake nema, kada ka yi saurin yarda da shi. Yawancin kwangiloli suna auna kamfani ne da agogo: a Amurka abin da aka saba rubutawa shi ne a iso cikin minti 8 da daƙiƙa 59 a kashi 90 cikin ɗari na kiraye-kiraye masu tsanani. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, yaushe agogon yake farawa, yaushe yake tsayawa, kuma yana hannun wa? Idan kamfanin ne ke gudanar da cibiyar karɓar kira, to shi ne ɗalibi shi ne kuma mai duba jarrabawa. Ana iya fara ƙirga daga lokacin da aka tura mota maimakon lokacin da wayarka ta shiga. Ana iya rage wa kira daraja a takarda ya koma marar tsanani don a samu ƙarin lokaci. Ana iya tura shugaban aiki shi kaɗai a ƙaramar mota ya isa wurin don agogo ya tsaya, alhali motar da za ta ɗauki majinyacin tana can nesa. Sannan akwai jerin uzurori da kwangila ke yafewa, irin su ruwan sama mai ƙarfi ko yawan kira fiye da kima, kuma a ƙarshen wata akwai wanda aikinsa shi ne ya zauna ya nemo wa kowane jinkiri uzurinsa.

Akwai daren da ba na mantawa. Motoci uku ya kamata mu kasance a yankinmu, amma an janye biyu suna jigilar majinyata daga wani asibiti zuwa wani, domin wannan jigilar tana da tabbacin biya kuma an tsara lokacinta, kiran gaggawa kuwa ba a san ko mai shi zai iya biya ba. Muka rage mu kaɗai, muna tsaye a farfajiyar asibiti da wata tsohuwa a kan gadonmu muna jiran a karɓe ta, rediyo yana ta kiran lambarmu ba mu da halin tafiya. A rahoton wannan wata kamfanin ya cika kashi 90 ɗinsa, domin wanda ya jira awa guda da wanda ya jira minti goma duk a layi ɗaya ake lissafa su: sun makara, shi ke nan. Kashi goman da ya rage galibi mutanen gefen gari ne da na ƙauyuka, kuma su ma suna biyan haraji.

Minti takwas ɗin ma asalinsa wani bincike ne da aka wallafa a 1979 a kan mutanen da zuciyarsu ta tsaya a yankin Seattle da ke Amurka, inda kowane minti yake da nauyin rai. Daga baya aka mayar da shi ma'aunin komai, har da karaya da zazzaɓi. Ingila ta bar wannan ma'auni a 2017, ta raba kiraye-kiraye gida huɗu, ta sa wa mafi tsanani matsakaicin minti 7, tare da sharaɗin a isa ga kashi 90 cikin minti 15. Da ni ce mai rubuta kwangila, da na tambayi mutum nawa aka farfaɗo da su, da motoci nawa ne a kan hanya a kowace sa'a, da ma'aikata nawa suka ajiye aiki a shekara, domin kamfanin da ya ci kwangila da farashi mafi ƙanƙanta a jikin ma'aikata yake fanshewa.

Ɗan Ƙwadago

Ni dai, 'yan'uwa, ban ga dalilin wannan wahala ba. Ba ma ba da aikin 'yan sanda kwangila, to me ya sa za a ba da wannan? Duk kuɗin da ya tafi a matsayin ribar masu hannun jari kuɗi ne da zai iya sayen wata motar. Gwamnati ta karɓi abinta kawai.

Tsohon Akanta

Ɗan'uwa, ina fahimtar zafinka, kuma akwai hujja a bayanka. Kamfanin Rural/Metro, wanda a lokacin yana cikin kamfanonin motar asibiti mafiya girma a Amurka, wani kamfanin zuba jari ya saye shi a 2011 aka ɗora masa bashi mai nauyi, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2013. Kamfanin TransCare kuma ya rufe bagatatan a New York a Fabrairun 2016, hukumar kashe gobara ta birnin ta shiga neman yadda za ta cike gurbin motocinsa. A Sussex da ke Ingila an ba kamfanin Coperforma jigilar majinyata marasa gaggawa a Afrilun 2016, shi kuma ya rarraba aikin ga ƙananan 'yan kwangila, masu wankin ƙoda suka riƙa rasa lokutansu, kafin shekara ta ƙare aka sanar cewa zai bar aikin, hukumar motocin asibiti ta gwamnati ta karɓa.

Sai dai ba zan bi ka har ƙarshe ba. A Denmark kamfanin Falck, wanda aka kafa a 1906, ya shafe shekaru masu yawa yana gudanar da mafi yawan motocin asibitin ƙasar har da wani kaso na aikin kashe gobara da kuɗin jama'a, kuma ba a san ƙasar da lalacewar agajin gaggawa ba. A Indiya ma lambar kiran gaggawa ta 108, wadda ta fara a Hyderabad a 2005, gwamnatocin jihohi ne ke biya wata cibiya mai zaman kanta ke gudanarwa, kuma ta kai mota inda da can babu. Hukumomin gwamnati su ma an sha kama su suna gyara agogo, domin duk wanda aka auna da lamba ɗaya zai koyi yadda ake lallashinta.

Labarin Denmark ɗin yana da wani ɓangare da ya fi koyar da ni. Yankin kudancin ƙasar ya ba kamfanin BIOS, mai asali daga Holan, kwangila a maimakon Falck. BIOS ya fara aiki a Satumban 2015, ya kasa samun isassun ma'aikata, ya karye a Yulin 2016, yankin ya karɓi aikin da kansa. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta yanke cewa Falck ya yi amfani da ƙarfinsa wajen ɓata wa BIOS suna a ɓoye, aka kuma ci shi tarar kuroner miliyan 30 na kuɗin Denmark. Idan kamfani ɗaya ne ke riƙe da motoci da tashoshi da ƙwararrun ma'aikata, hukuma tana da ikon korarsa a takarda kawai, domin ba za ta iya kwana ɗaya babu mota ba, kuma shi ma ya san haka. Shi ya sa za ka ga ana yafe tara, ana ƙara tallafi a tsakiyar wa'adi, ana sabunta kwangila ba tare da gasa ba.

Tsarin da ya fi kwanta mini shi ne wanda Jack Stout, wani masanin tsarin motocin asibiti, ya yaɗa a Amurka tun wajen ƙarshen shekarun 1970: hukuma ta mallaki motoci da kayan aiki, ita ke ƙayyade farashi ta karɓi kuɗi, likitocin da ba sa cin albashin kamfani su sa ido a kan ingancin jinya, kamfani kuma ya kawo ma'aikata da gudanarwa kawai. Idan ya gaza, a sallame shi da safe, motocin suna nan a tasharsu da yamma.

Mai Biyan Haraji

Na gode ƙwarai, Yallaɓai, na gode Malama. Na fahimci cewa na ɓata lokaci ina buga ƙofar kamfani. Zan rubuta wa hukumar a hukumance in nemi kwafin kwangilar, da adadin da aka biya a shekaru uku da suka wuce, da tarar da aka ci da wadda aka yafe, da kuma rajistar kiran daren nan tun daga daƙiƙar da wayata ta shiga. Zan kuma kai kwafi ga wakilinmu a majalisa kafin zaman kasafin kuɗi. Malama, idan suka ba ni rajistar, wane abu zan fara dubawa?

Ma'aikaciyar Agaji

Ka duba darajar da aka ba kiran a farko da wadda aka rufe shi da ita, Malam, ka ga ko an canza. Sannan ka nemi jerin motocin da ke bakin aiki a wannan sa'ar da inda kowace take, ka kwatanta lokacin da suka rubuta da wanda ke cikin tarihin kiran wayarka. Kada ka goge shi.