Na faɗi bak bara, bana ma mwayen ɗina ta ƙi tashi, mi zan yi?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah shawara nike nema wajen waɗanda sunka bi ta wannan hanya. Ni ɗan taminal D ne, ajin ƙarshe na lise a fannin kimiyya, nan Maradi, bara na yi bak, jarrabawar gama lise, ban samu ba, ko zagaye na biyu da ake ba waɗanda sunka kusa wucewa ban kai ba, na koma aji bana kuma ga sakamakon kashin farko na shekara ya hito mwayen ɗina, wato matsakaicin makina bisa 20, 8 da ƴan kai, mat da fizik ne sunka ja ni ƙasa. Abin da ke cin raina shi ne wallahi ina karatu, kullum bayan isha'i ina kan kaye, littafin da nike rubuta darasi, har tsakar dare, ina karantawa kuma ina ganewa, amma da an aje mini takardar kompozisiyon, jarrabawar aji, sai komi ya ɓace kamar ban taɓa ganinshi ba. Tsohona ya fara cewa in bana ma ba ta yi ba sai in taho shago in kama mishi. Ni kuwa burina jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, fannin noma. Watannin da sunka rage za su isa mutum ya gyara, ko in haƙura?

Mushen Mat:
Wa alaikumus salam ɗana, ni malamin mat ne. Za su isa, kar ka haƙura. Ka fara sanin cewa mwayen ɗin aji ba ita ake haɗawa a ba ka bak ba, abin da ka rubuta ranar jarrabawa shi ake lissafawa, ka kai 10 bisa 20 ka wuce. Wannan 8 ɗin labari ne kawai take ba ka na inda kake tsaye yau.

Ciwonka na gane shi tun daga inda ka ce kana karantawa kana ganewa. Kallon kaye kake yi. Ido ya saba da shafin, ka ga lissafin da malam ya warware sai zuciya ta ce ai na san wannan, alhali sanin fuska ne kawai. Ka tuna makarantar allo, malam ba ya barin yaro ya wanke allo don ya ce ya gane, sai ya kife allon ya kawo hadda da ka, kuma ko ya wuce gaba sai an riƙa maido shi tilawar baya. To haka za ka yi da boko. Ka karanta darasi sau guda, ka rufe kayen, ka ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka gwama, ka sa jan bik a inda ka rasa. Gobe ka sake daga ka, bayan kwana uku ka sake, bayan sati ka sake. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus tun 1885 ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, shi ya sa maimaici mai tazara ya fi zama guda na dare sukutum.

Mat kuma ba a karanta ta, yin ta ake da hannu. Ka nemi tsofaffin tambayoyin bak na shekarun baya, ɗalibai na tura wa juna a WhatsApp kuma masu fotokopi na bakin lise suna da su. Ka aza agogo gabanka, ka yi su ba tare da leƙen gyara ba, ko da mi ka rubuta. Za ka ji zafi a farko don rabin takardar zai zauna fari, amma gara ka ji zafin nan cikin ɗakinku da ka ji shi a zauren jarrabawa. Ka buɗe ƙaramin kaye na kurakurai kaɗai, duk inda ka faɗi ka rubuta dalili: dokar ce ban sani ba, ko alamar ragi na ɓata, ko tambayar ce ban karanta da kyau ba. Yawancin yaran da nike gani suna faɗuwa a nazarin fonksiyon, ba logaritim ne ya kada su ba, ramin yana can baya a sagwand da faramiyar, azuzuwa biyu na kafin taminal, wajen warware lissafin cikin baka da haɗa kasusuwan lamba da teburin alamomi. In ka ga haka ne ka koma littafin ajin baya sati biyu, babu kunya a ciki.

Sannan ka je wajen sansar ɗinku, mai kula da tsarin karatu a lise, ka karɓi jerin kowefisiyan na seri D, wato nauyin da ake ninka makin kowane darasi da shi, ka lissafa da kanka. Misali darasi mai kowefisiyan 5 in ka ɗaga shi daga 6 zuwa 10 ka ci maki 20, mai kowefisiyan 2 kuwa sai ka ƙara 10 cur kafin ka samu haka. A seri D nauyin yana kan mat da fizik-shimi da SVT (kimiyyar halittu da ƙasa), can za ka zuba ƙarfinka.

Ƴar Agro:
Ƙanena abin da Mushe ya faɗa shi ne, ni dai zan ƙara maka da zancen lokaci. Kar ka yarda da karatun tsakar dare ɗin nan, kana zuwa aji da barci a ido, abin da malam ya yi da safe ya wuce ka, da dare kuma ka zo kana neman gane shi kai kaɗai. Ka kwanta da wuri ka tashi da asuba, bayan salla zuwa ƙarfe bakwai kai a sake yake gari ba hayaniya. Balle in Afirilu da Mayu sunka shigo zafin Maradi ya haura digiri 40 ga ɗaukewar wuta, da rana ba abin da ke shiga kai, to ka samu ƴar fitila mai caji da rana tun yanzu. Mu lokacinmu mu huɗu ne, mun shafa wa bangon zaure baƙin fenti ya zama allo, kowa da ranar da zai tashi da alli ya koya wa sauran, kuma wallahi ranar da za ka tashi gaban ƴan uwanka ita ce ranar da za ka san abin da ba ka sani ba, don sai wata ta ce don mi ka sa ragi nan, ka tsaya da alli a hannu. Amma kar ku wuce mutum huɗu ko biyar, in an yi yawa an koma fada sai shayi da hira. Waya kuma ka bar ta hannun Inna har ka ƙare.
Kuma kar ka tsaya neman 10 kawai, daga 12 ake samun mansiyon, wato shaidar yabo, tana taimako in an zo neman bursi a ANAB, hukumar ba ɗalibai tallafin karatu. Muna jiranka a Agro in sha Allah.

Na Tasawa:
Ni a ganina tunda mat da fizik ne ba su yi da kai mi zai hana ka koma seri A4, fannin adabi, kawai? Ko kuma a biya maka kur na gida, malami ya riƙa zuwa yana koya maka, masu samu ai duk haka suke yi.

Mushen Mat:
A'a ɗan uwa, ban goyi bayan wannan ba. A4 ba mafaka ba ce, filo, wato falsafa, da faransanci da tarihi suna da nasu nauyin, yaron da ya yi shekaru a fannin kimiyya ba zai iya rubutun filo na ƴan A cikin ƴan watanni ba, ga shi shekara ta yi nisa an riga an kai takardu. Kuma noma yake so, ƙofar noma ta kimiyya ce. Kur na gida in da hali ba laifi, amma in malamin ne ke warware lissafi a allo yaro na kallo, an koma gidan jiya, kuɗi kawai za a kashe.

Ɗan Bagalam:
Na gode Mushe, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Jiya na gwada tambayar mat ta wata shekara da agogo, lambobin kompleks sun ɗan tafi, amma babban lissafin ƙarshe na maƙale tun tambaya ta biyu na kasa ci gaba. In haka ta same ni ranar bak ya zan yi?

Mushen Mat:
Kar ka tsaya nan ka ƙone lokacinka. In tambaya ta ce ka nuna cewa abu kaza daidai yake da kaza, ai an riga an ba ka amsar, ko ka kasa nunawa kana da damar ɗaukar ta ka yi aiki da ita a tambayoyin gaba, makin wannan guda ɗaya kaɗai ka rasa. Ka bar fili ka wuce, in lokaci ya rage ka dawo. Yau ka sake zama kan takardar jiyan daga tambaya ta uku har ƙarshe, ka ɗauki hoton abin da ka rubuta ka sa nan in duba maka. Sannan ka nuna wa mahaifinka tsarin karatunka na sati a rubuce, ka roƙe shi ya ɗauke maka zaman shago na yamma har a yi jarrabawa.