Rufin ɗakin siginar Hornby: fentin asali ne ko sabo?

Jama'a, na maƙale. Ina da ɗakin sigina (ɗakin ba jirgi alamar tsayawa ko wucewa) na jirgin ƙasan wasa, Hornby No. 2 na ma'aunin O (wani ajin girman jiragen wasa), ƙirar kamfanin Meccano lokacin da yake Liverpool a Ingila. Bangonsa gwangwani ne mai zanen bugun inji, kuma ban da shakka a kansa, don ta madubin ƙara girma ana ganin ɗigo-ɗigon bugun har da tsatsar tsufa a gindi.

Rufin ne ya hana ni sakat. Ƙyallinsa ya yi yawa, babu ko ƙarce ɗaya, alhali bangon duk ya sha hannu. Kunnuwan ƙarfen da ke riƙe jikin ɗakin da gindinsa, biyu sun nuna alamar an miƙe su an sake lanƙwasawa. Maganaɗisu ya kama rufin, amma wannan bai raba gardama ba, tunda sabon gwangwani ma yana kamawa. Fitilar UV (mai hasken da kan tona sabon fenti) ba ta nuna bambanci ba. Na ɗan goga asiton (sinadarin narkar da fenti) da auduga ta ƙarƙashin rufin, launi ya fito, na tsaya kada in yi ɓarna.

Wace alama ce ke bambanta gasasshen fentin masana'anta da feshin baya, ba tare da an sa sinadari ba?